Gashi Kaɗai Ba Ya Tayar da Majinyaci: A Koya wa Ɗaliban Fisiyoterafi Malanta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙauyukan ƙasar Rano ko ta Kibiya ya san irin wannan gida. Magidanci ne manomi, ya kwanta lafiya, da asuba ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai hannun dama ya ƙi, ƙafar dama ta ƙi, baki ya karkace. Aka garzaya da shi Babban Asibitin Rano, daga nan wataƙila aka tura shi birni. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo ta. Bayan ’yan makonni aka sallamo shi da magunguna, aka kuma ce ya riƙa komawa ana yi masa gashi. Ya koma sau ɗaya ko sau biyu. Amma kuɗin motar mutum biyu ake biya, shi da mai rakiya, ga wuni guda da ke salwanta, ga damina ta faɗi. Daga nan sai aka haƙura. Yanzu yana kwance a ɗaki, ana ba shi abinci a baki, ana tayar da shi, ana kwantar da shi, duk don ƙauna da tausayi. Hannun kuwa kullum sai ƙara ƙandarewa yake yi.

Ra’ayin wannan maƙala shi ne, babban abin da wannan bawan Allah ya rasa shi ne malami, wato wanda zai koya masa, da shi da iyalinsa, yadda zai sake koyon motsi a cikin gidansa. Saboda haka ya kamata jami’o’in da ke horar da ɗaliban fisiyoterafi su ɗauki koyar da iya koyarwa da muhimmanci daidai da yadda suka ɗauki ilmin sassan jiki, su kuma yi wani ɓangare mai tsoka na wannan horo a wurare irin Rano da Kibiya.

Suna ya ɓoye aiki

A Kano, idan an tura majinyaci sashen fisiyoterafi, sai a ce an tura shi “gashi” ko “gashin ƙashi”. Sunan ya samo asali ne daga fitilar zafi da sauran na’urorin ɗumama jiki da mutane suka fara gani a wannan sashe. Illar sunan ita ce yana sa mutum ya zaci aikinsa kawai shi ne ya kwanta a gasa shi, kamar yadda ake yi wa mai targaɗe da tsumma da ruwan zafi. Babu shakka zafi yana rage ciwo, yana kuma sassauta tsoka na ɗan lokaci. Amma bai taɓa koya wa yatsu riƙe ludayi ba.

Wannan sana’a ta shigo Nijeriya a 1945, ta hannun ƙwararru biyu ’yan Ingila da suka fara aiki a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas. An kafa ƙungiyar masu sana’ar ta ƙasa a 1959, Jami’ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, sa’an nan a 1988 aka kafa hukumar da ke yi musu rajista da ba su lasisi. A Kano, Jami’ar Bayero tana da sashen da ke yaye su. Sai dai manyan sassan da ake wannan aiki sun tattaru ne a cikin birni: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Murtala Muhammad. Mutumin Rurum ko na Tarai yana nesa da dukkansu.

Buƙatar kuwa ba ƙarama ba ce. Wani ƙiyasi da aka buga a 2020 tare da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2019 mutum kusan biliyan 2.4, wato kimanin ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da larurar da za ta amfana da aikin farfaɗo da gaɓoɓi. A karkarar Kano larurorin sanannu ne: shanyewar ɓarin jiki, yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda doguwar naƙuda ko shawara ko sanƙarau, karayar haɗarin babur, ciwon baya da gwiwa na manoma, da kuma waɗanda shan inna ta bar wa tabo. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, kuma a Sumaila aka ga na ƙarshe a Jihar Kano a 2014, amma waɗanda ta riga ta kama suna nan da ransu, suna buƙatar kulawa.

Yadda jiki ke koyon motsi

Ɗalibin Bayoloji ya san cewa tsoka ba ta motsi da kanta. Umarni yana fitowa ne daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya ratsa jijiyoyin saƙo, ya isa tsoka, sa’an nan ta tsuke ta ja ƙashi. Hanyoyin nan suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa ɓarin dama na jiki. A shanyewar ɓarin jiki, jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, sai ƙwayoyin wurin su mutu. Hannu da ƙafa lafiyarsu lau a ranar farko. Mai ba su umarni ne ya samu rauni.

A da an ɗauka cewa ƙwaƙwalwar babba ba ta sauyawa, abin da ya mutu ya mutu ke nan. Bincike ya rushe wannan zato. A 1996, Randolph Nudo da abokan aikinsa a Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da birai. An lalata ɗan ƙaramin wuri a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da hannu. Biran da aka bari haka nan, sai yankin hannu da ke maƙwabtaka da raunin ma ya ƙara tsukewa. Waɗanda kuwa aka sa su yi ta zaro ƙwayar abinci daga ƙananan ramuka da yatsunsu, yankin ya tsira, a wasu ma ya faɗaɗa. Ke nan aikin da gaɓa ke yi shi ne ke tsare mata gurbinta a ƙwaƙwalwa.

Wani masani mai suna Edward Taub ya nuna ɗaya fuskar. Idan mutum ya gwada hannun da ya shanye ya kasa, sai ya koma ga mai lafiya, a hankali ya saba da yin watsi da maras lafiyar, har bayan ya fara samun ƙarfin da zai iya aiki. Watsin ma koyonsa ake yi. Daga nan aka samo dabarar ɗaure hannun mai lafiya na wasu awoyi don tilasta wa ɗayan aiki, wadda wani babban gwaji a Amurka ya tabbatar da amfaninta a 2006, ga majinyatan da ke da ɗan sauran motsi a wuyan hannu da yatsu.

Kwanciyar kanta ma cuta ce. A 1966 a birnin Dallas an kwantar da samari biyar masu ƙoshin lafiya a gado har mako uku. Ƙarfin jikinsu na amfani da iskar numfashi ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga tsufan shekara 30 bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage ba. Idan haka ta faru da samari, mai karatu ya auna abin da wata shida a kan tabarma zai yi wa dattijo.

Lissafin da ke yanke hukunci

A gwaje-gwajen dabbobi, ana maimaita motsi sau 400 zuwa 600 a rana kafin a ga sauyi a ƙwaƙwalwa. A 2009, Catherine Lang da abokan aikinta sun zauna sun ƙirga abin da ake yi a zaman jinya 312 a asibitocin Amurka da Kanada. Sun samu cewa a zaman da aka yi aikin hannu, matsakaicin maimaicin aiki na gaske sau 32 ne kawai. Wannan fa a ƙasashen da ke da yalwar ma’aikata da kayan aiki ke nan.

To, a dawo Kibiya a yi lissafi. Awa 168 ce a mako. A ƙaddara majinyaci yana da halin zuwa birni kowane mako, ana kuma ba shi awa guda cur. Saura awa 167 yana gida. Duk ƙwarewar ma’aikaci, ba zai iya cusa maimaici ɗaruruwa na kowace rana a cikin awa ɗaya ba. Abin da zai iya yi da awar shi ne ya auna majinyaci, ya zaɓa masa atisayen da ya dace, ya koya masa har ya iya, ya koya wa mai jinya, ya kuma gyara kuskuren makon jiya. Watau awar asibiti aji ce, sauran makon kuma aikin gida. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya, amma sai allurar tana tono a wurin da ya dace.

Abin da ya kamata a koya wa ɗalibi

Na farko, matakan koyo. A 1967 Paul Fitts da Michael Posner sun kasa koyon kowace fasahar jiki gida uku. Akwai matakin tunani, inda mai koyo ke lissafa kowane motsi yana yawan kuskure. Akwai matakin gyara, inda kuskure ke raguwa. Akwai kuma matakin sabo, inda jiki ke yi ba tare da tunani ba. Duk wanda ya koyi keke ko saƙar hula ya bi ta nan. Kowane mataki da irin koyarwarsa. A farko ana son magana kaɗan da nuni da yawa, a wuri maras hayaniya. A ƙarshe kuwa ana son a ƙara wahala: a sa shi tafiya a kan yashi, ko yana tafe yana amsa gaisuwa. Ɗalibin da bai iya gane matakin da majinyacinsa yake ba, zai cika mai farawa da bayani, ya kuma bar wanda ya yi nisa yana maimaita abin da ya riga ya iya.

Na biyu, iya gyara. Sabon ma’aikaci yakan so ya gyara kowane motsi, ya kuma riƙe majinyaci a kowane taku. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt sun gwada wannan da masu koyon wani motsi na hannu. Waɗanda ake gaya wa sakamako a rabin gwaje-gwajensu kawai, ana rage yawan faɗin a hankali, sun fi riƙe abin da suka koya idan aka dawo da su daga baya, a kan waɗanda ake gaya wa kowane lokaci. Dalili shi ne wanda ake yi wa gyara kullum yakan dogara da mai gyaran, ba ya koyon jin kuskurensa a jikinsa. Malaman firamare sun san wannan: yaron da ake riƙe wa hannu kullum ba ya iya rubutu. Janye hannu a lokacin da ya dace fasaha ce, kuma sai an koya.

Na uku, zaɓen aiki. Jiki yana koyon abin da ya maimaita ne. Wanda ya yi ta ɗaga ƙafa yana kwance a gadon asibiti zai ƙware a ɗaga ƙafa a kwance. A gidan Lausu ko Durba kuwa, abin da rayuwa ke nema shi ne tashi daga tabarma, tsuguno a bayan gida, zuba ruwa daga buta, tsallake dokin ƙofa, durƙuso da sujada, ɗaura zane, cin tuwo da hannun dama. Littattafan da aka rubuta a Turai sun fi magana a kan tashi daga kujera da hawan bene. Wajibi ne ɗalibi ya iya warware kowane aikin gida zuwa ƙananan gaɓoɓi, ya mai da shi atisaye. Tsince wake daga faifai zuwa ƙoƙo atisayen yatsu ne, kuma ɗan’uwan abin da biran Nudo suka yi ne. Murza carbi, tsinkar zogale, ɓare gyaɗa, da jingina da turmi a miƙe tsaye, duk magani ne idan an san adadi da tsari.

Na huɗu, harshe. Ɗalibi yana karatu da Ingilishi, majinyaci yana ji da Hausa, wani ma da Fulatanci. Kalmar “jijiya” kaɗai tana nufin ta jini, da ta saƙo, da igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi. Idan ba a zauna a aji an tace yadda za a faɗi abu ba, sai a faɗe shi a karkace. Haka kuma umarnin da ke nuna manufa ya fi shiga fiye da wanda ke lissafa gaɓoɓi. “Baba, miƙo hannu ka ɗauki kofin nan” ya fi “miƙe gwiwar hannunka, buɗe yatsunka”. Bayan bayani kuma, kada a tambayi mai jinya ko ta gane, domin kunya za ta sa ta ce ta gane. A ce mata, “Inna, yi masa in gani.” Gani ya kori ji.

Na biyar, sanin iyaka. Atisaye magani ne, yana da ƙima, kuma wuce ƙima cuta ne. Wani gwaji da aka buga a 2015, mai majinyata fiye da 2,000 a ƙasashe biyar, ya nuna cewa tayar da mai shanyewar ɓarin jiki da wuri ƙwarai, cikin awa 24 na farko, ana kuma yawaita masa motsi, ya rage yawan waɗanda suka murmure da kyau. Haka nan jan majinyaci ta hannun da ya shanye yana iya gurɗa masa kafaɗa. Dole ɗalibi ya koya wa iyali alamomin tsayawa: jiri, ciwon ƙirji, haki mai tsanani, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko sabon rauni a wata gaɓa. Ya kuma tuna musu cewa atisaye ba ya maye gurbin maganin hawan jini.

Rano da Kibiya a matsayin aji

Duk waɗannan ba a iya su daga allo. A asibitin koyarwa akwai sandunan riƙo, da gado mai hawa da sauka, da daɓe mai santsi, da babban malami a kusa. Ɗalibin da bai san wani wuri ba sai wannan, idan aka kai shi inda babu su sai ya ga kamar babu abin yi. Shawara a nan ita ce a riƙa tura ɗaliban shekarun ƙarshe zaman makonni a karkara, da malami mai sa ido. Babban Asibitin Rano ya zama masauki, daga nan su riƙa fita zuwa ƙananan asibitocin Saji, Madachi, Rurum, Fammar, Kahu da Nariya, su shiga gidaje da izinin masu gida da rakiyar ma’aikatan lafiya na yankin, domin da ɗan gari akan ci gari. A haɗa ɗalibai mata a kowane rukuni, saboda akwai ɗakunan da namiji baƙo ba zai shiga ba, kuma mata ne mafi yawan masu jinya.

Jarrabawar ma a sauya mata fasali. A ba ɗalibi mai jinya wadda ba ta yi boko ba, a ba shi minti 15 ya koya mata yadda za ta taimaki majinyaci ya tashi zaune ya miƙe tsaye. Sa’an nan a fitar da ɗalibin, a ce ta yi. Makinsa yana cikin abin da hannunta ya yi. Abin da ake jarrabawa shi ɗalibai ke karantawa.

Wannan tunani yana da tushe. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya take kira da a kai aikin farfaɗo da naƙasassu cikin al’umma, kuma a Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan shigar da wannan aiki cikin tsarin lafiya na ƙasashe, har matakin farko. Ƙasar Rano kuma ba baƙuwa ba ce ga koyon aikin hannu. A tarihin Hausa Bakwai, Rano da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Marini bai taɓa koya wa yaronsa sana’a da lacca ba: nuna masa yake yi, ya bar shi ya gwada, ya gyara masa, ya ƙara masa nauyi sannu a hankali.

Masu ja da wannan ra’ayi

Akwai masu cewa danƙa wa iyali atisaye mai da sana’a banza ne, kuma ba shi da tabbacin amfani. Suna da hujja mai ƙarfi. A 2017 an buga sakamakon wani gwaji a Indiya mai majinyata 1,250, inda aka horar da iyalan rabinsu su riƙa yi musu atisaye a gida. Bayan wata shida ba a ga bambanci ba tsakanin rukunin biyu wajen mutuwa ko dogaro da wasu. Bai kamata a ɓoye wannan ba. Darasinsa shi ne horon ’yan awoyi da ’yan ziyarori ba ya mai da ɗan’uwa ƙwararre, kuma iyali ba za su maye gurbin ma’aikaci ba. Amma ga mutumin Kahu da ba zai iya zuwa birni kowane mako ba, zaɓin da ke gabansa shi ne atisayen gida mai tsari da bibiya, ko kuma kwanciya. Idan koyarwa mai sauƙi ba ta isa ba, amsar ita ce a kyautata koyarwar, a yawaita bibiya, a kuma auna sakamako da gaskiya. Wannan ma aikin bincike ne da ya dace da jami’a.

Wasu kuma na cewa manhaja ta riga ta cika, kuma fita karkara tana cin kuɗin mota da masauki da lokacin malamai. Gaskiya ne. Sai dai farashin na’urar asibiti guda ɗaya zai ɗauki nauyin fita da yawa, kuma ɗalibin da ya taɓa zama a Rano ya ga amfanin kansa a can ya fi saurin yarda ya koma aiki bayan ya gama. Nan kuma nauyi ya hau kan gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi: horo ba zai yi amfani ba idan ba a buɗe guraben aiki a asibitocin karkara ba.

Kammalawa

Ga ɗaliban sakandare, musamman ’yan Rano da Kibiya da Bunkure, wannan fanni ƙofa ce a buɗe. Ana shigarsa da Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, Lissafi da Ingilishi, ana yin shekara biyar ko shida gwargwadon tsarin jami’a, sa’an nan shekara guda ta sanin makamar aiki. Wanda ya tashi a kan tabarma, ya san nauyin fartanya da tsayin dokin ƙofa, ya riga ya mallaki rabin abin da ɗan birni zai sha wahalar koyo.

Ga malamai kuma, ana iya ɗanɗana wa ɗalibai wannan ilmi ba tare da ko kwabo ba. A kasa aji biyu, kowa ya jefa ƙwallon takarda cikin bokiti da hannun da bai saba da shi ba, idonsa a rufe, sau 30. Rukuni na farko a gaya musu inda ƙwallon ya faɗi bayan kowace jifa, na biyu kuma bayan kowace jifa biyu. Washegari a sake gwada kowa sau 10 ba tare da an ce masa komai ba, a rubuta sakamako a allo, a tattauna. Ko sakamakon ya yi daidai da na masana ko ya saɓa, ɗalibai sun ga yadda ake yi wa jiki tambaya a kimiyyance.

Idan kuma akwai mai shanyewar ɓarin jiki a gida, a nemi ganin ma’aikacin fisiyoterafi ko da sau ɗaya ne, a tafi da wanda ke jinyarsa, a roƙi a nuna abin da za a riƙa yi kullum da adadinsa, a gwada a gabansa kafin a taho. A gida kuma, idan Baba ya miƙa hannu yana karkarwa zai ɗauki kofi, a tsaya kusa da shi, a yi haƙuri, a bar shi ya ɗauka da kansa.